Tikitin Jirgi da Kuɗin Kitso: Wanne Ne Haƙƙin Amarya?

Diko gari ne da hanya ta raine shi. A mararrabarsa titin Minna yake rabuwa da babban titin Abuja zuwa Kaduna, daga nan zuwa Suleja tafiyar 'yan mintoci ce, kana wuce Dutsen Zuma kuwa ka shiga ƙasar Abuja. Wannan kusanci yana kawo ciniki da aikin yi, yana kuma kawo sha'awar abin da ido ya gani. Bikin da aka yi a Maitama ko Asokoro ranar Asabar, kafin Litinin ya shiga wayoyin samari da 'yan mata a Gurara da Tafa da Suleja. Cikin abubuwan da suka shigo ta wannan ƙofa akwai tafiya cin amarci a ƙasar waje: a ɗaura aure, a kai amarya, tun lallen hannunta bai dusashe ba ango ya ɗauke ta sai Dubai ko Masar ko Turkiyya, wasu kuma su haɗa da Umra. Masu halin yin haka a Diko ba su da yawa, amma masu auna darajar aurensu da wannan ma'auni sai ƙaruwa suke yi, kuma duk wanda ya auna abin da ke hannunsa da abin da ba zai samu ba ya sa wa kansa ƙuncin da ba Allah ne ya ɗora masa ba. Don haka tambayar ta shafi mai kuɗi da talaka baki ɗaya: wane aiki ne ya fi nuna ƙauna a aure, babban abin da ake yi sau ɗaya duniya ta gani, ko ƙaramin abin da ake maimaitawa ba wanda ya sani? Ni ina tare da na biyun, kuma zan kafa hujjata da abin da aka fi rainawa a hidimar gida, wato gashin matar aure: wankinsa, mansa, kitsonsa, da lokacin da take samu ta kula da shi.

A fara da fiƙihu, domin shi ne yake raba abin da yake dole da abin da yake ƙari. Muhtasar na Shehu Halilu ɗan Ishaƙ, malamin Masar na ƙarni na 14, littafi ne da alƙalai da manyan malaman ƙasar Hausa suka daɗe suna komawa gare shi a mazhabar Malikiyya. A babin ciyarwa, bayan abinci da sutura da wurin zama, ya shigar da kayan adon da mace za ta cutu in ta rasa su, ya lissafa kwalli da man shafawa na al'ada da lalle da abin da ake sa wa gashi wajen taje shi. Duk waɗannan suna wuyan miji, gwargwadon ƙarfinsa da matsayin matarsa da al'adar garinsu. Ba a ajiye su a babin kyauta ba, balle a bar su sai ranar da ransa ya yi fari. Wanda ya karanta babin daga farko har ƙarshe ba zai ga tafiyar shaƙatawa cikin haƙƙoƙin amarya ba. Ashe ke nan ƙaramar robar man kaɗe tana da matsayin da tikitin jirgi na miliyoyi bai taka ba, domin ita wajibi ce, shi kuwa iyakarsa halas. Kowane ɗalibin Ahalari ya san ba a gabatar da nafila a kan farilla, to ina ga abin da ko nafila bai kai ba? Mutumin da ya kai matarsa ƙarshen duniya a watan farko, ya bar ta tana roƙon kuɗin mai da na kitso a wata na biyar, ya aikata abin da ba za a tambaye shi ba, ya tozarta abin da za a tsayar da shi a kansa.

Malamai ba su ƙagi wannan hukunci da ka ba, yana da tushe a rayuwar Madina. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Jabir ɗan Abdullahi, wanda ya haɗa tafiya da amarci da gashi a wuri guda. Ana kan hanyar dawowa daga wani yaƙi, Jabir yana ta gaggawar isa gida, sai Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya tambaye shi dalili, ya ce sabon aure ya yi. Da aka tambaye shi budurwa ce ko bazawara, ya ce bazawara, ya kuma faɗi hujjarsa: mahaifinsa ya yi shahada a Uhudu ya bar masa 'yan'uwa mata, bakwai ko tara bisa saɓanin ruwayoyi, shi ya sa ya ƙi kawo musu yarinya kamarsu, ya nemi wadda za ta riƙa taje musu kai tana tsaya musu. Annabi ya yaba masa wannan zaɓi. Da ayarin ya kusa Madina suka yi haramar shiga, sai Annabi ya ce su dakata zuwa dare, don wadda gashinta ya hargitse ta samu ta taje, ta kuma kimtsa jikinta. A yi nazarin abin da ke cikin wannan labari. Da Jabir ya tashi faɗin abin da marayu suke buƙata, taje kai ne ya zo bakinsa. Shugaban runduna kuma ya tsayar da mayaƙa masu ɗokin gida a bayan gari saboda mutuncin matan da ba su san da zuwansu ba. A ma'aunin Annabi, lokacin da mace za ta gyara kanta haƙƙi ne da ya isa a jinkirta tafiya dominsa. Mu kuwa muna neman juya lamarin, gyaran kai ya zama hidimar tafiya, a yi shi don hoton filin jirgi, in an dawo a yi watsi da shi.

Musulunci bai manta da kwanakin amarci ba, ya ma yanka musu lokaci. Hadisin Anas ya tabbatar da kwana 7 ga budurwa, kwana 3 ga bazawara, waɗanda ango zai keɓe mata kafin a koma rabon kwana. Al'adar Hausa ta bi wannan sawu: a kai amarya, a yi sayen baki, a yi buɗar kai, a bar ta kwanaki ba ta ɗora tukunya ba, abinci yana zuwa daga hannun dangi. Maƙwabtanmu Kirista, waɗanda suke da yawa a Diko, suna karanta makamancin haka a littafin Maimaitawar Shari'a, sura ta 24, inda aka ɗauke wa sabon ango fita yaƙi har shekara guda domin ya zauna gida ya faranta wa matarsa rai. Abin da aka ba amarya a duk waɗannan shi ne zaman mijinta tare da ita. Auren Annabi da Nana Safiyya ma, wanda ya faɗo a kan hanya a shekara ta 7 bayan Hijira, kwana 3 aka yada zango tsakanin Haibara da Madina, Ummu Sulaim ta gyara amarya, aka baza shimfiɗun fata aka zuba dabino da cuku da man shanu, ba gurasa ba nama, walima ta kammala. Ita kuwa tafiyar amarci irin ta yau, daga masu hannu da shunin Ingila ta yaɗu a ƙarni na 19, kuma a farkonta ziyarar dangin da ba su sami halartar biki ba ce, sau da yawa ma da rakiyar 'yan'uwa. Zamanta baƙuwa bai haramta ta ba, ai mota da waya ma baƙi ne. Amma sanin asalinta yana mayar da ita matsayinta na gaskiya, al'adar wasu mutane a wani zamani, wadda za a iya ɗauka a kuma iya bari ba tare da aure ya tauye ba.

Me ya sa addini ya ɗora nauyi a kan ƙaramin abu mai maimaituwa? Saboda a nan ne halin mutum yake ginuwa, a nan kuma yake bayyana. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana hali a cikin Ihya'u Ulumiddin a matsayin abin da ya zauna daram a rai, har aiki yake fita daga gare shi cikin sauƙi ba tare da dogon tunani ba. Shi ya sa wanda ya yi kyauta sau ɗaya don wani dalili da ya taso ba a kiransa mai kyauta. Kimanin shekara 1,400 kafinsa, masanin Girka Aristotal ya riga ya lura cewa mutum yana zama adali ne ta hanyar yin adalci a kai a kai. Sama da su duka, Nana A'isha ta ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Gashi yana tilasta wa mai shi irin wannan dawwama ko ya so ko bai so ba. Tsironsa a wata bai wuce kimanin santimita ɗaya ba, kitso kuwa mako ɗaya zuwa biyu ya tsufa, sai a tsefe, a wanke da sabulun salo ko karkashi, a shafa man kaɗe ko man shanu, a taje, a sake zama gaban mai kitso. Hunturu ya zo ya busar da shi, bazara ta zo da gumi da amosani. A otal kuwa an kwashe duk abin da ke jarraba aure: wani ke dafawa, wani ke shara, ba kuɗin cefane, ba kukan yaro, ba suruka. Haƙuri ba ya bayyana inda babu abin yi wa haƙuri, kuma dama Hausawa sun ce amarya ba ta laifi. Mako biyun farko suna nuna ɗokin ango. Halinsa sai a mako na hamsin.

Diko asalinsa garin Gbagyi ne, kuma akwai darasi a al'adar matan Gbagyi da duk mai bin wannan hanya ya sha gani: a kafaɗa suke ɗaukar kaya, itace ne ko doya, ba sa ɗora shi a ka. Bayanin da aka fi ji daga bakinsu shi ne kai sarkin jiki ne, shi yake ɗauke da tunani, bai kamata a ƙara masa wani nauyi ba. Mace tana tsakiyar aiki mafi wuya amma ta ware wani sashe na jikinta ta ce wannan ba na wahala ba ne. Yanzu a tambaya, me kai yake buƙata kafin ya zauna cikin wannan girma a gidan aure? Yana buƙatar kuɗi, ko da kaɗan ne, a hannun mace ba sai ta yi ta nanata roƙo ba. Yana buƙatar awa biyu ko uku da za ta zauna ba wanda ke kiranta. Yana buƙatar ruwa, a unguwannin da ruwa sai an saya wajen 'yan garuwa ko an yi tattaki zuwa rijiya. Yana kuma buƙatar kwanciyar hankali, don wadda ranta ke ɓace ba ta da ƙarfin zaman kitso. Idan ka ji matar aure ta yi wata biyu da tsohon kitso a ƙarƙashin ɗankwali, kafin ka ce ƙazama ce ka tambayi wa ke ɗebo ruwa a gidan, wa ke karɓar goyo, kuma yaya fuskar maigida take idan an ambaci kuɗi. Ga mace mai lulluɓi, kanta ba mai gani sai mijinta da 'yan'uwanta mata. Abin da miji ya kashe a kansa ba zai jawo masa yabon kowa ba, shi ya sa ya fi kusa da ikhlasi.

Sai maganar lissafi, domin addini bai raba ibada da aljihu ba. Daga Satumbar 2025 fasfo mai shafi 32 ya koma naira 100,000, na mutum biyu ke nan naira 200,000, alhali mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Jihar Neja ta amince da shi a 2024 naira 80,000 ne. Albashin wata biyu da rabi ya tafi tun ba a yi zancen biza da tikiti da masauki ba. Dala, wadda take wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023, ta haura naira 1,500 a 2024. Ƙofar ma ba a hannunmu take ba: Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da ba 'yan Najeriya biza a Oktoban 2022, ba ta buɗe ba sai Yulin 2024. Ango kuma yana zuwa wannan gaɓa ne bayan lefe da sadaki da kuɗin haya da walima sun riga sun tatse shi. Idan ya ƙara da bashi ko ya cinye jarinsa don kada a raina shi, wa zai biya? Amarya ce, da watannin tsuke bakin aljihu, da fushin da ba ta san mafarinsa ba, da jin kunyar tambayar abin da yake haƙƙinta. Alƙur'ani a suratul Furƙan ya yabi masu ciyarwa tsaka-tsaki, ba ɓarna ba ƙwauro, a suratul Isra'i kuma ya yi kakkausan gargaɗi ga masu almubazzaranci. Tafiyar da aka gina a kan bashi tana haɗa laifukan biyu a jere, ɓarna a watan farko, ƙwauro a sauran shekara. Wannan shi ne kitso da kwarkwata: sama ya yi kyau a ido, ƙaiƙayin yana nan a ƙasa, kuma mai kan ce kaɗai ta san shi.

Mai ja da wannan magana yana da hujja mai ƙarfi, kuma ya kamata a ba ta haƙƙinta. Zai ce sababbin ma'aurata suna buƙatar kaɗaici, gidajenmu kuwa ba sa bayarwa. Kwana bakwan da shari'a ta ware sun zama kwanakin 'yan ganin ɗaki, ƙawaye da gwaggwanni da abokan ango suna shiga suna fita, mutum biyun da aka yi taron dominsu ba su sami zaman awa guda su san juna ba. Tafiya ce kaɗai ke ƙwato su. Akwai ma binciken da ke goyon bayansa: Andrew Francis da Hugo Mialon na Jami'ar Emory a Amurka sun tambayi sama da mutum 3,000 da suka taɓa aure, suka buga sakamakon a 2015, suka ga cewa waɗanda suka yi tafiyar amarci aurensu ya fi daɗewa. Na yarda da wannan. Sai dai binciken ya ƙara da abu biyu: alaƙar tana nan ko nawa aka kashe a tafiyar, sannan yawan kashe kuɗi a biki yana tafiya ne da gajeren aure. Amurka ba Diko ba ce, kuma alaƙa ba ta nufin sababi, amma in za a kafa hujja da binciken to a ɗauke shi duka. Abin da yake amfani shi ne keɓewa da ba juna lokaci, hatimin da aka buga a fasfo bai ƙara komai ba. Magudanar ruwan Gurara tana nan a kan hanyar Minna, baƙi daga nesa suke zuwa kallonta. Mafi sauƙi ma, dangi su ja baya su bar wa amarya da ango kwanakinsu. Gyaran da ake buƙata na al'adar cunkoso ne, kuma ba ya cin ko sisi.

Wani kuma zai ce, to wanda Allah ya hore wa fa? Ya sauke wajibi, ba bashi a kansa, kuma hadisi ya zo cewa Allah yana son ganin alamar ni'imarsa a kan bawansa. Annabi da kansa yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa ya tafi da wadda ta faɗo a kanta, har ya yi tsere da Nana A'isha a wata tafiya. Babu mai haramta wa irin wannan mutum tafiya da iyalinsa, kuma in Umra ya nufa da zuciya ɗaya muna yi masa fatan karɓuwa. Amma wadata tana da nata tarko guda biyu. Na farko gori ne. Babbar kyauta tana zama a ƙwaƙwalwar mai bayarwa, ya riƙa jin ya biya bashin shekaru, har ranar da saɓani ya taso a ji yana cewa ni da na kai ki Dubai. Suratul Baƙara ta yi kashedin cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka, kuma abin da ya ɓata sadaka ga bare ba zai bar kyauta ga matar aure ba. Ba a taɓa jin wanda ya yi gorin kuɗin kitson makon jiya ba, ƙanƙantarsa ce take tsare ladarsa. Na biyu nuni ne. Tafiyar da aka yi rabinta ana ɗaukar hoto ana sakawa a Instagram da TikTok ta tashi daga keɓewa ta koma baje koli, kuma masu kallon su ne 'yan matan da samarinsu ke tuƙa acaɓa ko sayar da doya a bakin titi. Mai kuɗi ba shi da laifin talaucin wani, amma yana da alhakin ma'aunin da ya kafa wa garinsu.

Nunin nan gashi ne yake fara biyan kuɗinsa. Tafiyar da aka shirya don kyamara tana neman kan da aka shirya don kyamara: ƙarin gashi, hular gashi da ake mannawa da gam, kitson da aka ɗaure tamau don ya kai ƙarshen tafiya. Asma'u 'yar Abubakar ta ruwaito cewa wata mata ta zo wa Annabi da batun 'yarta amarya, wadda ciwo ya zubar wa gashi, tana neman izinin yi mata ƙari, bai amince ba. Malamai sun yi saɓani a kan zare da ulu, amma a kan gashin mutum maganarsu mai tsanani ce. Ta ɗaya ɓangaren, da Ummu Salama ta ce wa Annabi ita mai ɗaure kitso ce, ko sai ta tsefe don wankan janaba, ya ce mata a'a, ta kwarara ruwa sau uku ya wadatar. Risala ta Ibn Abi Zaid ma ba ta ɗora wa mace tsefe kitso ba. Shari'a ta sauƙaƙa wa kitson gida, ta tsananta wa abin da ke ɓoye gaskiyar kai, kuma duk abin da ya hana ruwa isa fatar kai ya taɓa tsarkin amarya a kwanakin da ta fi buƙatar wanka. Likitocin fata sun tabbatar cewa yawan ɗaure gashi da ƙarfi yana cinye gashin goshi, in ya daɗe ba ya dawowa. A 2022 Cibiyar Nazarin Lafiya ta Ƙasa a Amurka ta fitar da binciken mata sama da 33,000, inda masu amfani da man miƙar da gashi fiye da sau 4 a shekara suka ninka sauran haɗarin kansar mahaifa. Mu kuwa muna Jihar Neja, wadda take sahun gaba a Najeriya wajen kaɗanya, inda man da ya fi dacewa da gashinmu yake fitowa daga hannun matan ƙauye. Laifin ba na amarya ba ne. Na idon da ya koya mata cewa kanta na gaskiya bai isa shiga hoto ba ne.

Akwai ƙorafi na uku, wanda ya fi fitowa daga mata masu ilimi: ashe duk wannan ba wata hanya ba ce ta ce wa mace ta zauna a ɗaki ta yi ado, duniya kuma ta maza ce? Da nauyin a kanta na ɗora, da ƙorafin ya tabbata. A wuyan miji yake. Shi ne zai ba da kuɗin, shi ne zai karɓi yaro ranar kitso, shi ne zai san cewa gidan mai kitso wuri ne da mata ke haɗuwa su ji labarin juna su sauke abin da ke ransu, kada ya bi ta da kira. Da aka tambayi Nana A'isha abin da Annabi yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa har lokacin salla ya yi. Ita ce kuma take taje masa kai yana i'itikafi, ya miƙo kansa daga masallaci tana cikin ɗakinta. Ado ma ba a bar wa mace ita kaɗai ba: an ruwaito daga Ibn Abbas cewa yana son ya yi wa matarsa ado kamar yadda yake son ta yi masa, kuma Muwaɗɗa ta Imam Malik ta kawo labarin mutumin da ya shigo masallaci kai da gemu a hargitse, Annabi ya yi masa nuni ya fita ya gyara. Mijin da ke neman ƙamshi da sabon kitso alhali shi ya manta hanyar wanzami, bai yi adalci ba. Game da ganin duniya kuwa, tafiya mabuɗin ilimi ce ga mace kamar yadda take ga namiji, kuma ba abin da na faɗa da ya rufe mata wannan ƙofa.

Abin da nake cewa a sake shi ne lokacin. An ɗora tafiya a watan da aure ya fi kowane lokaci wadatuwa da ɗoki, aka bar shekarun da ya fi buƙatar taimako ba komai. Bayan haihuwa da wata biyu zuwa huɗu mata da yawa gashinsu yakan zube, abu ne da likitoci suka sani, yakan kuma dawo da kansa. Amma mai jego da ke ganin gashi a mataji kullum, ga rashin barci, ga jikin da ya sauya, a ranta tana tambaya ko har yanzu ana sonta. A wannan lokaci kalma mai daɗi da robar mai da awa uku na hutu sun fi mata Istanbul. In kuma Allah ya buɗa, tafiyar da aka yi a shekara ta biyar ko ta goma, da kuɗin da aka tara ba na bashi ba, bayan an ga fushin juna da rashin lafiyar juna, ita ce take da ma'ana, domin godiya ce a kan zaman da aka riga aka yi. Suratur Rum ta ambaci natsuwa da ƙauna da jinƙai a matsayin abin da Allah ya sanya tsakanin ma'aurata, kuma jinƙai ba ya aiki sai inda akwai gajiya da rauni. Saboda haka waliyyin da saurayi ya zo masa da alƙawarin ƙasar waje, ya yi masa fatan alheri, sannan ya tambaye shi abin da ya tanada na kowane wata, da wanda zai ɗebo ruwa, da ko 'yarsa za ta sami kuɗin gyaran kanta ba tare da ta roƙa ba. Saurayin da ya amsa waɗannan da gaskiya ya cancanci a ba shi aure ko bai taɓa riƙe fasfo ba, wanda kuma ya ga tambayoyin sun yi masa ƙanƙanta, to bai shirya riƙe 'yar mutane ba tukuna.